Kejin Sauro A Ɗakin Ajiya

Tun ranar da Umma ta ga hannun Mai Kwaɗi, saurayin 'yarta Likita, aka haramta masa taka ƙofar gidan.

Ba wani dogon bincike aka yi ba. Ya zo gaisuwa, ya naɗe hannun riga zai yi alwala a bakin famfo, Umma ta fito da bokiti, idonta ya sauka a kan fatarsa. Tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu jajayen ɗige-ɗige ne, wasu sababbi, wasu sun bushe sun yi baƙi. Umma ta koma ɗaki ta kira Gwaggo, yayar Abba, a waya.

Ita kuwa Gwaggo, wadda ko a mafarki ba ta ga hannun ba, nan take ta yanke hukunci.

"Sawun allura ne! Ɗan ƙwaya ne! Dama ni tun da aka ce min yaro yana kiwon kwaɗi a jami'a na san ba lafiya ba."

Likita tana tsaye a bakin ƙofa tana ji, hawaye na bin kumatunta. Ta san abin da ya yi wa hannun nan ɗige-ɗige. Ta san kuma in ta faɗa, wata wutar za ta kunna.

Ita ba likita ba ce. Abba ne ya laƙaba mata sunan tun tana firamare, saboda burinsa ke nan a kanta. Da jami'a ta ba ta Bayoloji a maimakon likitanci, sai da gidan ya yi kamar an yi rashi. Sunan dai ya zauna, ita kuma ta faɗa son karatun da aka jefa ta ciki har ta manta da wancan. Yanzu tana shekarar ƙarshe, aikin binciken da za ta kammala da shi kuwa a kan sauro ne: me ya sa magungunan feshi suka daina kashe shi kamar da?

A gidansu ba a ambatar sauro sai fuskar Umma ta canza. Zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke ƙanen Likita, namiji ɗaya tilo, tun kafin ya shiga makaranta. Shi ya sa ta ce wa mutanen gida bincikenta a kan tsirrai ne.

Ƙaryar ta yi tafiya lafiya lau, har sai da rufin ɗakin kiwon ƙwari na sashensu ya fara yoyo aka rufe shi don gyara, aka ce kowane ɗalibi ya san inda zai kai abin kiwonsa. Likita ta lulluɓe kejinta na raga da tsohon zani, ta shigo da shi ɗakin ajiya na bayan gida, ta ce irin shuka ne da ba ya son haske.

Matsalar ita ce macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Na'urar da ke ɗumama musu jini tana can a kulle a makaranta. Likita ta gwada ɗora hannunta sau ɗaya, ya kumbura suntum har ta kasa riƙe biro. Sai Mai Kwaɗi, ɗan ajinsu da ke bincike a kan kwaɗin fadama, ya dube ta ya yi dariya.

"Ai sauron da aka haifa a keji ba shi da cuta. Ni kuma jinina ya yi min yawa. Kawo su."

Haka ya riƙa zuwa da sunan taya ta duba shuka, ya ɗora hannu a kan raga, ya cije leɓe, yana ba ta labarin kwaɗinsa don kada ta ga yana jin ƙaiƙayi. A nan ɗakin, tsakanin tsofaffin katifu da buhunan gawayi, ta gane ba ta da wani miji sai shi.

Yau kuwa, tun da ta fito daga ofishin Farfesa, mai duba aikinta, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta sauko daga bene da gudu, gyalenta na shirin tashi, ta hango shi zaune a kan babur ɗinsa a gindin bishiya, da rigarsa mai dogon hannu duk da zafin da ake yi.

"Albishirinka!" ta faɗa tun daga nesa.

"Na biya tun kafin in ji. Wannan fara'ar kaɗai ta ishe ni."

"An gama gyaran ɗakin! Farfesa ya ce in dawo da kejin gobe. Kuma ya duba sakamakona, ka san me ya ce? Ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, 'Yarinya, in waɗannan na ƙarshen suka yi ƙwai kika gwada 'ya'yansu, aikin nan ya fi ƙarfin digirin farko.' Farfesa fa! Mutumin da ko gaisuwa da ka yake amsawa!"

Mai Kwaɗi ya diro daga babur ya ɗaga hannuwa sama. "Allahu Akbar! Uwar sauro ta ci gari! Ni dai a rubuta sunana a shafin godiya, a ce wanda ya ba da gudummawar jini."

Ta ƙyalƙyale da dariya, sai kuma ta katse. Ta dubi hannun rigarsa.

"Saboda ni ake ce maka ɗan ƙwaya."

"A ce min ɗan kwaɗi ma, wa ya damu? Ke dai ki gama. Ba ke kika ce Abba ya yi alkawari ba?"

Ya yi kuwa. Da Gwaggo ta matsa masa a kan ya aura wa Likita Manaja, ɗan ƙawarta mai kamfanin feshi, Abba ya tara su a falo ya yi magana ɗaya. Ya ce Likita ta gama karatunta bana, in ta gama zai saurare ta a kan wanda take so, amma in ta ƙara shekara ba zai ci gaba da ba mutane haƙuri ba, zai amsa wa Manaja. Ƙwan irin sauronta kuwa ba ya ajiyuwa. In na cikin kejin nan suka mutu, sai ta faro daga tushe, shekara ta tafi, Mai Kwaɗi ma ya tafi.

"Gobe in na fitar da kejin zan gaya musu komai," ta ce. "Wallahi sai na wanke ka."

Wayarta ta yi ƙara. Umma ce, muryarta cike da murna.

"Likita, kada ki yi saurin dawowa yau, ki tsaya ki yi karatunki sai la'asar. Yaron nan Manaja, Allah ya yi masa albarka, ya kawo ma'aikatansa za su feshe mana gidan gaba ɗaya, kyauta. Ya ce ko kyankyaso ɗaya ba zai rage ba."

Likita ta ƙanƙame wayar.

"Umma... har ɗakin ajiya?"

"Ai nan ne ma matattarar. Ya ce tun daga bakin ƙofa yake jin kukan sauro. Na ba su makullina, kada ki damu, ya ce maganin ba ya taɓa shuka."

"Umma, ki hana su! Don girman Allah ki hana su!"

Ƙarar injin feshi ta cika wayar, sai layin ya katse. Ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta kira Abba, a kashe.

Mai Kwaɗi ya dubi fuskarta, ya gane. Ya buga babur ya tashi.

"Hau!"

Ba ta taɓa hawa bayansa ba, ta san kuma abin da za a ce in an gan su. Ta tattare siket ta haye, ta damƙe ƙarfen baya da hannu biyu.

Yadda suka fita daga ƙofar jami'a, mai gadi ma sai da ya yi tsalle gefe. Suka ratsa tsakanin motoci, direbobi na zagi, masu talla na watsewa. Iska na dukan fuskarta, tana ta maimaita addu'a ɗaya, rabinta kuka rabinta ihu.

"Yi sauri! Don Allah yi sauri!"

"In na ƙara a kan haka sai dai mu tashi sama!"

Tun daga kan kwana ta hango farar motar kamfanin a ƙofar gidansu. An fito da tukwane da kwanuka an jibge a waje an rufe da leda. Abba da Manaja na zaune a kan kujerun roba a inuwar katanga, Manaja na ta nuni da makullin mota yana bayani. Umma da Gwaggo na kan tabarma a gefe.

Gwaggo ce ta fara ganinsu. Ta dafe ƙirji ta saki salati.

"Kun gani? Kun gani da idonku? A bayan ɗan ƙwaya, tsakar rana!"

Abba ya miƙe, fuskarsa ta haɗe. "Kai! Ban ce kada in sake ganinka a nan ba?"

Mai Kwaɗi ya jingine babur, ya rusuna har ƙasa. "Abba, ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma bayan na fito."

Kafin kowa ya gane nufinsa ya faɗa cikin gidan. Likita ta bi shi, Umma ta riƙo gyalenta, ita kuwa ta fizge. Tsakar gida ta cika da farin hayaƙi mai yaji a ido. Ta hango mutum biyu cikin fararen kaya da takunkumi, da tankuna a bayansu, ɗaya ya riga ya buɗe ɗakin ajiya yana watsa magani daga bakin ƙofa.

"Tsaya! Malam, tsaya!"

Ina, injin ya fi muryarta. Mai Kwaɗi ya tuɓe rigarsa, ya tsoma ta a bokitin da ke bakin famfo, ya ture mai feshin gefe ya shige cikin hayaƙin daga shi sai singileti.

Likita ta durƙusa tana tari, idonta na zubar da ruwa. Ba ta san iya lokacin da ya ɗauka ba, ita dai ta ji kamar an shekara. Sai ga shi ya fito a sunkuye, rungume da kejin a ƙirji, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar rigar. Bai tsaya ba sai da ya kai waje, can gefen da iska ke kaɗawa, ya ajiye shi a hankali, sannan ya zube yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Kowa ya yi cirko-cirko. Ga hannuwansa a fili, duka biyun, ɗige-ɗige har kafaɗa.

"To ga shi nan," in ji Gwaggo, tana tafa hannu. "Yau ba sai an ba ka labari ba, ƙanena. Kuma wane ne zai faɗa cikin guba saboda shuka in ba wanda ya sha wani abu ba?"

Manaja ya gyara zaman agogonsa. "Abba, ni dama ban so in yi magana ba. Amma irin waɗannan yaran, mun san su."

Likita ba ta ko dube shi ba. Ta yaye rigar, ta yaye zanin.

Umma ta leƙa, ta ja da baya da sauri. "Inna lillahi! Sauro? Sauro kike kiwo min a gida?"

Kusan rabinsu na kwance a ƙasan kejin, ƙafafu a sama. Sauran sun maƙale a jikin raga, ba motsi. Likita ta hura musu numfashi a hankali, ko ɗaya bai tashi ba. Nan kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

"Ki yi min bayani," in ji Abba. Muryarsa ta yi sanyi, kuma duk gidan an san sanyin nan ya fi faɗansa ciwo.

Ta rarrafa ta dafa ƙafarsa.

"Abba, na yi ƙarya, ba shuka ba ce. Bincikena ke nan tun farkon shekara. Ba sa ƙwai sai sun sha jini, ni kuma in suka cije ni hannuna kumbura yake. Shi ne yake zuwa yana ba su nasa. Abba, wallahi ko sigari bai taɓa sha ba. Duk tabon da ke jikinsa nawa ne, ni ya kamata in ɗauke shi. An zage shi, an kore shi, ya yi shiru don kada asirina ya tonu."

"Ƙarya ce!" Gwaggo ta katse ta. "Wane mahaukaci ne zai miƙa wa sauro hannu?"

"Yaya, dakata," in ji Abba.

Umma ta matso. "Duk abubuwan da Allah ya halitta, ki rasa abin da za ki karanta sai wannan? Kin manta abin da ya yi min? Kin manta wanda ya raba ni da shi?"

"Don ban manta ba ne, Umma." Likita ta ɗago jajayen idanunta. "Ina tsaye a bakin gadon asibiti lokacin da kike cewa, 'Kullum sai na fesa magani a ɗakin nan, ta ina ya cije shi?' Kin yi ta faɗa, kin yi ta faɗa, har kika ɗora wa kanki laifi. Umma, ba laifinki ba ne. Akwai sauron da maganin ya daina kashewa, shi nake son in nuna, don a san wanda za a canza. Na ɓoye miki ne don kada in tayar miki da ciwo. Amma tambayarki ce nake nema wa amsa."

Umma ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suka fara girgiza. Abba ya kawar da kai ya dubi katanga.

Manaja ya yi gyaran murya. "To, ai sai haƙuri. Ni da alheri na zo. Kuma gaskiya maganina ba ya barin ko ɗaya, waɗannan sai dai a share."

Ba mugu ba ne, bawan Allah, bai dai san lokacin da ake yin shiru ba.

"Ba su mutu duka ba," in ji Mai Kwaɗi, muryarsa a shaƙe. Ya matso da gwiwa ya kafa wa ragar ido. "Dubi na saman nan, suna motsa ƙafa. Maganin ya buge su ne kawai. In suka ji ɗumin fata za su sauko, in suka sha kuma za su yi ƙwai."

Ya miƙa hannu zai ɗora, Likita ta tare shi da sauri.

"A'a! Jikinka duk magani ne, kana ɗorawa ka ƙarasa su. Ni ma na shiga hayaƙin."

Suka dubi juna. Ta duba hagu, ta duba dama. Gwaggo ta naɗe hannuwanta cikin mayafi tana harare-harare. Manaja ya tura nasa cikin aljihu, ya ce shi fatarsa ba ta son irin wannan. Abba ya fara kwance maɓallin hannun rigarsa.

"Bari, Abbansu."

Umma ce. Ta share fuska, ta zare awarwaronta ta miƙa wa Abba, ta zauna dirshan a gaban kejin.

"Yaya ake yi?"

"Umma, ba sai kin..."

"Na ce yaya ake yi?"

Likita ta kama hannun mahaifiyarta, ta kwantar da shi a kan ragar sama.  Har masu feshin sun kashe injin sun fito sun cire takunkumi suna kallo.

Da farko ko ɗaya a kejin ba ta motsa ba. 

Sai ɗaya ta saki raga, ta yi wani lilo kamar mai maye, ta tashi sama ta manne a ƙarƙashin hannun Umma. Umma ta runtse ido, amma ba ta janye ba.

"Ta sauka!" Likita ta yi ihu. "Ta sauka! Ga wata! Abba, dubi, ga wata!"

Suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, har da wasu daga cikin na ƙasa da aka ɗauka sun mutu. Cikinsu ya fara cika yana yin ja. Mai Kwaɗi na dariya yana tari, Likita na dariya tana kuka, Abba ya sunkuyo har hularsa na shirin faɗuwa yana cewa, "Ikon Allah! Ikon Allah!" Ɗaya daga cikin masu feshin ya saki kabbara, Manaja ya galla masa harara.

"Za su isa?" Abba ya tambaya.

"Za su isa, Abba! Wallahi za su isa!"

Da suka ƙoshi suka koma jikin raga, Umma ta ɗaga hannunta ta juya shi. Jajayen ɗige-ɗige sun fito mata reras. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juya ta dubi hannuwan yaron da ke durƙushe a gefe, daga wuyan hannu har kafaɗa, sababbi a kan tsofaffi.

"Haka yake da ƙaiƙayi kullum?" ta tambaye shi a hankali.

Ya sunkuyar da kai. "Ana sabawa, Umma."

"Kuma na ce maka ɗan ƙwaya."

"Ba ki sani ba ne."

Gwaggo ta miƙe tana kakkaɓe zani. "To ni dai na faɗa, in dai ina da daraja a gidan nan, yaron da na kawo..."

"Yaya," in ji Abba, "na yi wa yarinyar nan alkawari, kuma ga dukkan alamu bana za ta gama."

Manaja ya kaɗa makullinsa ya nufi mota, Gwaggo ta bi bayansa tana sababi. Ba wanda ya raka su.

Mai Kwaɗi ya lallaɓa ya ɗauki jiƙaƙƙiyar rigarsa yana matsewa, yana neman hanyar sulalewa kafin a tuna an hana shi zuwa. Ya kama kan babur ke nan Umma ta ɗaga murya.

"Ina za ka da wannan gubar a jiki? Maƙwabta za su ba ka ruwa da sabulu, ka wanke tas."

Ta juya wajen Likita, wadda ke rungume da kejinta, ta share wa kanta sauran hawaye da bayan hannun da sauro ya gama ci.

"Ke kuma ajiye 'ya'yan naki, ki duba cikin kayan da muka fitar ki ɗauko rigar Abbanku mai kyau. Ɗana ba zai hau titi da singileti ba."